Sa Hannun da Madam Dorathy Ta Jira

Madam Dorathy Zira 'yar Kwaja ce, kuma tun zamanin tafireta take buga takardun sashenmu a jami'a, nan Mubi. Ofis ɗaya muke zama. Doka guda ta riƙe a aiki: takarda ba ta hawa allon sanarwa sai shugaban sashe ya sa hannu, an buga hatimi. Tana sabuwa aka kori wata a gabanta saboda haka, ba ta taɓa mantawa ba.

Bara aka ce an daina allo, komai ya koma shafin intanet na makaranta. Masu buga takardu kuwa, wanda ya iya ya zauna, wanda ya kasa a sallame shi. Dorathy saura kaɗan ta kai fansho, ga miji ya rasu, ga yara a makaranta.

Horon da aka yi mana, Allah ya sawwaƙe. Wuta babu, janareta ba mai, sai Malam Abdulƙadiri na sashen kwamfuta ya zana mana shafin da alli, muna gumi muna kwafa kamar 'yan firamare. Ya zana maballi biyu: wannan na ajiye rubutu, wancan na sakinsa kowa ya gani.

Dorathy ta ɗaga hannu. "Malam, oga zai sa hannu a ina?"

"Madam, babu sa hannu a nan. Ki danna kawai."

Aka kwashe da dariya. Ita ba ta yi ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne, ba kasa koyo ta yi ba. Ta riƙa zama bayan an tashi, har ta fi mu duka.

Sai aka matso da jarrabawar 'yan ajin ƙarshe kusa. Shugaban sashe yana Yola, ya kira ta a waya ya ce ta sanar. Ta buga sanarwar tsaf, ta danna maballin ajiyewa, ta fitar da ita a takarda ta kai teburinsa.

Na ce, "Madam, ki sake ta a shafin mana."

Ta ce, "Malam Jibrilla, ni ba zai iya ba. Magana na waya ba sa hannu ba ne. In ya juya gobe, wa zai tsaya mini?"

Oga ya daɗe bai dawo ba. Ɗaliban cikin gari suka ji a bakin juna. Waɗanda suka tafi gida girbi suna ta leƙa shafin a waya, ba su ga komai ba. Jarrabawa ta wuce su, sai baɗi. Gaban kwamitin da aka kafa don bincike oga ya ce, "Ai na ce ta sanar." Kuma gaskiya ya faɗa. Wanda ya tsaya mata, babu. Aka sallame ta, fanshon da take hange ya bi ruwa. Wallahi har yau in na tuna zuciyata ƙuna take.

Ranar da take kwashe kayanta aka dawo da fayil daga ofishin oga. Sanarwar na ciki, an sa hannu, an buga hatimi. Ta daɗe tana kallonta. Sannan ta buɗe aljihun tebur ta ɗauko ƙusa, ta je tsohon allon da ba mai kallo, ta maƙala sanarwar daidai, ta ɗauki jakarta ta fita neman Keke Napep.