Taku Biyu Daga Kabarinta

Matata ta rasu a ƙarshen rani, 'yan shekaru bayan yaƙi. Muka binne ta a bayan gida, can ƙasa kusa da shingen kyarana, inda take shuka yakuwa da barkono. Haka muka tashi muka ga ana yi a wurinmu, ba a raba mutum da gidansa don ya mutu. Matan majami'a suka naɗe ta da zanen zumuntarsu, shuɗi mai farin baki. Ban sa siminti ba. Duwatsu shida na ɗauko daga rafi na jera a kai.

Gidanmu yana bakin Kafanchan, a gefen da ƙasa take gangarowa daga tudu zuwa rafi. Gidaje kaɗan ne a lokacin, duk na jinka. Sama da mu gonakin citta ne da acca. Ni lebura ne a layin dogo, aikina share kwalbati da yashe hanyar ruwa a gefen layi. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ce ban san ruwa ba. Na san shi.

Kafin rasuwarta da kamar wata guda, hukumar gari ta yanka gonakin nan na sama zuwa fuloti, ta haɗa da tsofaffin gidajenmu a cikin tsarin. Aka yi shela da abu biyu. Kowane mai fuloti zai haƙa lambatu a kan layin da aka nuna masa, ya haɗe da na maƙwabcinsa, har ruwa ya kai rafi. Sannan ba a ƙara binne kowa a cikin gida, sai a maƙabarta. Na ji shelar da kunnena. Duk da haka na binne ta a gida, domin ban iya tunanin wani wuri ba.

Daga baya magana ta fara yawo a kasuwa cewa duk kabarin da aka samu a cikin fuloti za a tone shi. Ban ga takarda ba, ban kuma tambayi kowa ba. Surukata, mahaifiyar matata, wadda ta zo zaman makoki ta ci gaba da zama da ni, ita ta kawo mini labarin.

"Ɗana, ba za su taɓa mini ita ba," in ji ta. "Sau ɗaya na kwantar da ita, ya isa."

Ana gobe duba-gari zai zo nuna layi, na kwashe duwatsun nan shida na ajiye a gindin rumbu. Muka tara itacen girki a kan kabarin, tuli guda, har ya kai ƙirjina.

Duba-garin mutum ne mai fara'a, ya girme ni kaɗan, da gajeren wandon kaki da keke. Ya shigo da igiya a kafaɗa da fegi a cikin jaka.

"Mutumin jirgi! Yau ka bar mana jirgi ya nutse ke nan?"

"Yau hutu nake, ranka ya daɗe."

Ya durƙusa ya gaishe da surukata, ya yi mata gaisuwar rashi. Da ya ga tulin itacen sai ya yi dariya.

"Mama, wannan duka? Biki za a yi ba a gaya mini ba? Ko ni ne angon?"

"Wa zai ba ka 'ya da waɗannan gwiwoyi a waje?" in ji ta.

Ya ja igiya daga kusurwar maƙwabcina na sama, wani malamin makaranta da yake ginin kwano, ya gangaro da ita ta bayan gidana. Ya buga fegi. Layin ya ratsa kusurwar shingen kyarana, ya wuce tulin itacen da taku biyu. Na ƙirga da idona.

Kafin ya naɗe igiyar ya juyo gare ni.

"Akwai rijiya a nan? Ko tsohon masai? Ko kabari? Faɗa mini yanzu, igiyar nan ba ta gani."

Na dubi surukata. Tana tsince wake a tire, ba ta ɗago ba.

"Babu," na ce.

Kwana uku na yi ina haƙa. Na sare kyaranar da kakana ma ya tarar, farin ruwanta ya ƙone mini hannu. Na yi lambatun da zurfi fiye da yadda aka ce. A gefen da take kwance na jera duwatsu na daddale su da jar ƙasa, kamar yadda muke yi a bakin kwalbati. Da duwatsu suka ƙare mini, na je gindin rumbu na ɗauko shidan nan na sa a ciki. Na ce a raina, ai gadinta za su ci gaba da yi.

Lissafina na ruwan da na sani ne. Shekara da shekaru ruwan tudun nan yakan sauko a hankali. Kunyar gona tana riƙe shi, ciyawa tana riƙe shi, jinka ma sai ta sha ta ƙoshi kafin ta ɗiga. Ban sa a raina cewa kunyoyin sun tafi ba. Kafin damina ta yi nisa, gidajen kwano sun cika tudun, kowa ya share tsakar gidansa fes, an daɓe hanya da tsakuwa. Kowa kuma ya bi doka, ya haɗa lambatunsa da na ƙasa da shi. Nawa ne na ƙarshe kafin rafi.

Ruwan farko da na biyu lambatun ya ɗauka. Na fara samun barci.

Ranar wata Lahadi ce a cikin Agusta. Mun dawo daga sujada, mun ci abinci, hadari ya taso daga wajen duwatsun Kagoro. Ba wani ruwa ba ne da ba mu taɓa gani ba. Abin da ban taɓa ji ba shi ne ƙarar kwanon nan duka a lokaci guda, kamar jirgin kaya yana wucewa ta kan gada. Na fita bayan gida ba riga.

Ruwan ya zo ja wur, gaba ɗaya. Na ga kwanon wanka na wani yana juyi a kai, na ga kaza. Ya cika lambatun, ya daki kusurwar da na sare kyarana, ya fara cin ƙasa ta ƙarƙashin duwatsuna. Ina tsaye ina kallo suka zube ɗaya bayan ɗaya. Tulin itacen ya karkata, ya tsaya kaɗan, sannan rabinsa ya tafi.

A jikin gaɓar da ta buɗe, cikin jar ƙasa, na ga shuɗi mai farin baki.

Ban san lokacin da na ciro ƙyauren ɗakina ba. Na dai sami kaina a cikin ruwa har ƙugu, na jingina ƙyauren a jikin gaɓar, na danna shi da bayana, ƙafafuna a ɗaya gefen. Itace da tsakuwa suna dukana. Surukata ta zo ta durƙusa a sama, ta riƙe bakin ƙyauren da hannu biyu. Ba ta yi kuka ba. Tana kiran sunan 'yarta da yarenmu, a hankali, kamar mai tashin wanda ya makara. Muna nan har ruwan ya tsagaita. Da na fito na kasa miƙewa.

Washegari da safe duba-gari yana zagayen duba ɓarna, ya leƙo ta inda shingen ya buɗe.

"Kai, mutumin jirgi! Lambatun hukuma ka sa wa ƙofa? Sai a kawo kwaɗo a kulle!"

Ya jingine keken, ya sauko, ya leƙa bayan ƙyauren. Ya daɗe a sunkuye. Da ya miƙe sai ya cire hularsa.

"Na tambaye ka," ya ce.

"Ka tambaye ni."

"Me ya hana ka faɗa?"

"An ce za a tone."

"Wa ya ce?"

Na rasa sunan da zan kama. Na ce, "A kasuwa aka ce."

Ya dube ni, ya dubi surukata. Babu faɗa a muryarsa.

"Doka ta ce kada a ƙara binnewa. Ba ta ce a tayar da wanda ya riga ya kwanta ba. Da ka faɗa, faɗa zan yi maka, in rubuta, shi ke nan. Fegin nan kuwa," ya nuna da haɓa, "da na matsar da shi taku goma. Ga fili can har gindin mangwaro. Na yi wa mutum biyu haka a sama, je ka tambaya."

Taku goma. Na zauna a ƙasa.

Surukata ta ce, "To a matsar yanzu, ɗana. A matsar mana."

Duba-gari ya girgiza kai. "Mama, ruwa ya riga ya san hanyar nan. Ko na cike da dutse, ƙasar ta ruɓe. Ga hadari can yana haɗuwa. In ta kwana a nan, gobe rafi za mu je nemanta."

Na fi shi sanin gaskiya ya faɗa.

Shi da kansa ya hau keke ya kira fasto da dattawan majami'a. Malamin makarantar nan na sama ya sauko da katakon da ya rage daga rufin gidansa, aka haɗa akwati. Yana ta ba ni haƙuri, ni kuwa ban san laifin da ya yi ba, shi abin da aka ce ya yi ya yi. Da hannuna na tone ta. Matan zumunta suka kawo sabon zane suka rufa a kan tsohon. Kafin la'asar muka kwantar da ita a maƙabartar majami'a, tafiya mai nisa daga gida. Muna dawowa ruwa ya sauko.

Surukata ta koma ƙauyensu bayan mako guda. Ba ta taɓa ɗora mini laifi ba, ni ma ban ɗora mata ba. Ba mu ƙara yin maganar ba har ta rasu.

Da rani ya shigo rafi ya janye, na bi gaɓarsa ina neman duwatsun nan shida. Na san su, ni na zaɓo su. Biyu na samu. Na ɗaura su a bayan keken aro na kai mata.