Sanduna Huɗu na Gozbert

Gozbert bai kai shekarun riƙe garma ba ya ga ƙwaƙwalwar ubansa a ƙofar gida. Mutanen gidan Ratbod ne suka tsaga masa kai da gatari, a kan alade ɗaya da ya shiga gonarsu. Yayansa Hildrad ya rama, ya farke cikin ɗansu a bakin kogin Mosel. Su ma suka rama. Haka mutanensu Farankawa suke, jinin ɗan'uwanka a wuyanka yake, ko kana sonsa ko ba ka so.

Da ya zama saurayi sai ya bi rundunar babban sarki zuwa ƙasar Saksawa. Ya ƙona ƙauyuka, ya ga an jera maza a bakin rafi ana sare kawunansu har ruwan ya ƙi shayuwa. Ya dawo da kunne ɗaya da imani ɗaya: babu inda hannun sarki bai kai ba. Gaskiyarsa kuwa, a lokacin. Manzannin sarki na zagaya ƙasa, har yaron hakimi sun taɓa ratayewa a kan ya yi wa wata gwauruwa ƙwace.

Ranar da ya sauka Hildrad ya miƙa masa gatari.

"Sannu da zuwa, mai kunne ɗaya. Ka gama kashe wa sarki, saura na gidanku."

"Yaya, na ƙoshi da jini."

"Ka ƙoshi? To uban namu alade ne da za a ci a manta?"

Gozbert ya tafi dandalin shari'a. Ya saro sanduna huɗu daga itacen da alƙali ke zama a ƙarƙashinsa, ya karya su a bisa kansa, ya watsa gabas da yamma, kudu da arewa. Wanda ya yi haka ya fita daga danginsa ke nan: ba ya gadonsu, ba ya rama musu, ba sa rantse masa.

"Daga yau sarki ne dangina," in ji shi.

Hildrad ya tofar da yawu, ya tsince guntayen ya tafi da su.

Gozbert ya samu zaman lafiya kuwa, kada a rage masa. Ya dasa inabi, ya yi aure, ya haifi ɗa guda, Waldo. Sai dai dangin da ya zaɓa ya tsufa ya mutu. Jikokin sarki suka yayyaga ƙasar, Bafaranke na soke Bafaranke, manzanni suka daina zuwa. Wani jikan Ratbod ya tara mahaya, ya wayi gari shi ne hakimi.

Gonar inabin Gozbert yake so. Sai aka ce Waldo ya saci doki. Mahayan hakimin suka ja shi a ƙasa ɗaure da wutsiyar doki har dandali, suka karya masa yatsu. Alƙali ya ce doka a fili take: dangin uba su zo su rantse cewa bai yi ba, in babu, igiya.

Gozbert ya ruga gidan Hildrad da ƙafafun tsufa. Ya tarar da shi ya makance, 'ya'ya da jikoki kewaye da shi, ƙarti masu isar rantsuwa har su yi saura. Ya durƙusa a gabansa.

"Yaya, za su rataye Waldo."

"Wa ke kirana Yaya?"

"Ni ne, Gozbert. Yaron bai karya komai ba, ni na karya."

Hildrad ya lalubo wani ƙunshi daga cikin rufin ɗaki, ya jefa masa. Guntayen sanduna ne, sun yi baƙi da hayaƙi.

"Ga danginka nan, kai su su rantse."

Gozbert ya tsaya shi kaɗai a dandali, ya ɗaga hannu yana rantsuwa har muryarsa ta dushe. Mahayan na dariya, ɗaya ya ce, "Tsoho, kira sarki mana!"

Aka jefa igiya a reshen itacen alƙali. Gozbert ya gane reshen, don har yanzu akwai tabon wuƙarsa a jiki.