Guzurin Kawu Kaboyi

Ranar Juma'a a shagon aski a unguwar Al-Suwaidi ta Riyadh, wanzami ya kunna tsohon fim ɗin kaboyi. Da na ji kofaton doki da ƙarar bindiga sai kawuna ya faɗo mini a rai.

Ƙanen mahaifiyata ne, kuma duk gari an san ɗan caca ne. Malafa ce kullum a kansa, karta a aljihu, dariya har kunne. Da damina, idan ruwa ya hana fita, yakan tara mu a zaure muna gasa masara, ya ba mu labarin wani kaboyi na Amurka. Ɗan fashi ne, wai kafin ka ƙifta ido ya zaro bindiga. Gari-gari yake bi yana caca, ko'ina a kore shi. Daga baya ya tuba, ya rataye bindiga, amma ba wanda ya yarda. Yana zaune wani ya harbe shi ta baya. A nan kawu yakan tsayar da labarin, mu kuwa sai mu ce a koma wajen harbe-harben.

Na girma, na yi karatu, kaina ya kumbura. Da aka ba ni gurbin karatun addini a Riyadh, dangi suka zo sallama, kowa da guzurinsa kamar yadda aka saba. Kawu ya miƙo mini kuɗi a ƙulle cikin hankici. A gaban mutane na ce, "Kawu, ba zan nemi ilimi da kuɗin karta ba."

Ya mayar aljihu. "Haka ne, malam. Allah ya kiyaye hanya."

Shekarata ta biyu ya rasu. A waya mahaifiyata ta ce, "Wata bakwai kafin tafiyarka bai taɓa karta ba. Tubali yake bugawa a rana, ya ce sai ya ba ka guzuri mai tsarki, shi ne kuɗin hankicin nan. Ya hana in faɗa maka."

Yanzu shekara ashirin ke nan. Ina da iƙama, wato takardar zama, ina koyarwa, can gida an rushe zauren an yi shaguna. 'Ya'yana Larabci ya fi zama a bakinsu, ba su san shi ba. Na yi masa Umara sau uku, amma zuciyata ba ta huce ba. Babin tuba na haddace shi tun ina saurayi, mai tuba ya tsaya a gabana ban gane shi ba.