Baba Fensir da Kwalabe Ashirin da Uku

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safiyar Litinin, sha huɗu ga watan Afrilu, ina tsaye gaban ɗalibai ina zana musu yadda fararen ƙwayoyin jini ke gane baƙuwar cuta a jiki, wayata ta dame ni da girgiza a aljihun farar riga. Na fita baranda na ɗauka. Babbar 'yarka ce, ta ce, "Anti, Baba ya rasu yanzun nan." Zuciyarka ce ta tsaya, kana zaune a bakin gado da takalmi ɗaya a ƙafa, kana shirin fitowa aiki. Shekararka sittin da uku, talatin da takwas daga cikinsu ka yi su a ɗakin gwaje-gwajenmu na hawa na biyu.

Zan faɗi abin da ya fara zuwa mini a rai, ko da zai zubar da ni a idon jama'a. Kafin hawaye ya zo, tsoro ne ya fara kama ni, na tambayi kaina: ina ya ajiye littafin nan?

Wanda bai san ka ba sai na yi masa bayani. Kai ne babban ma'aikacin ɗakin gwajinmu, mai kula da firiza, da madubin duba ƙwayoyi, da ƙwayoyin halittar da muke reno a cikin kwalabe. Ba ka da digirin da muke taƙama da shi, amma duk farfesan da ke ginin nan kai ka koya masa riƙe kwalba. Muna kiran ka Baba Fensir saboda wanda ke maƙale a kunnenka kullum. Dokarka ɗaya ce: duk kwalbar da za ta shiga sanyi, a rubuta lambarta da fensir, domin sifirit ɗin da muke fesa wa kaya yana wanke tawada. Mun tsokane ka har mun gaji. Mukan ce Baba ya ƙi shigowa zamani, kai kuma ka yi murmushi ka ci gaba da fiƙe abinka.

Ranar da na fara shiga ɗakin ina ɗaliba, na ga jini a sirinji, jiri ya kwashe ni. Ka jawo mini kujera, ka ba ni ruwa, ka ce wa masu dariya kowa ya koma bakin aikinsa. Tun daga ranar kake ce mini 'yata, har bayan da na zama shugabar sashen. Lokacin da mahaifiyata ta rasu na yi sati uku ban leƙo ba, na dawo na tarar da ƙwayoyina a raye, ka canza musu ruwan abinci duk bayan kwana uku, har da ranakun hutu. Kana kiran su yaranka. Idan wuta ta ɗauke, kai ne mai hawa bene da buhun ƙanƙara a kafaɗa, kana haki kana yi wa injin janareta faɗa kamar yana jin ka.

Shekara biyu da suka wuce muka karɓi jinin yara tamanin masu zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Tambayarmu ita ce, me ya sa garkuwar jikin wasu take cin galaba, ta wasu kuma take kasawa? Satin da kwalaben suka iso kana asibiti wajen Gwaggo, matarka, da aka yi wa aikin ido. Ni na karɓe su. Ina sauri, na ɗauki alƙalamin tawada na rubuta lambobin, na fesa sifirit, na juya na amsa waya. Da na waiwayo, rubutun akwati guda ya narke yana gangarowa. Sai na sake rubuta lambobin bisa jerin da nake zaton na ajiye su. Ban gaya wa kowa ba, har kai.

Sakamakon ya fito da kyau fiye da yadda muka yi mafarki. Wani nau'in fararen ƙwayoyin jini ya bayyana da yawa a jikin yaran da suka warke, kaɗan a jikin waɗanda suka rasu. Babbar mujallar binciken garkuwar jiki ta buga aikin. Gidajen rediyo suka yi ta kira na. Wani asibiti ya rubuto yana so ya fara gwada jinin yara da hanyarmu, don ya san wanda za a fara kai wa ɗakin kulawa ta musamman. Aka kuma tura takarduna gaban kwamitin da zai ba ni farfesa. Ka yi ta murna, har ka manna shafin farko na mujallar a jikin ƙofar firiza.

A watan Janairu, kana kwashe firizar don wanke ta kamar yadda ka saba duk shekara, ka ci karo da akwatin. Ka shigo ofishina, ka rufe ƙofa, ka ajiye kwalba ɗaya a kan tebur. A ƙarƙashin lambar da na sake rubutawa ana ganin inuwar wata lamba daban.

Ka ce, "'Yata, wannan rubutunki ne?"

Na ce, "Baba, na san jerin da na bi, babu abin da ya cakuɗe."

Ka ce, "To, Allah Ya sa. Amma zan duba. Ba wanda zai ji daga bakina, ke kaɗai zan kawo wa."

Akwai hanyar dubawa, kuma kai ka shimfiɗa ta tun da daɗewa. Kowane yaro an ɗiga jininsa a kan 'yar takarda tun a asibiti, ma'aikatan jinya sun rubuta lamba da fensir kamar yadda ka koya musu. Ka shiga gwama jinin kowace kwalba da na takardarta don ka ga ko na yaro ɗaya ne, ɗaya bayan ɗaya, kana rubutawa a wani ƙaramin littafi mai koren bango.

Sati goma sha ɗaya ka yi kana wannan aiki, kuma su ne satittikan da na fi jin kunyarsu a rayuwata. Na daina shiga ɗakin gwaji idan kana ciki. Na koma hawa ta matakalar baya. In na ji tarinka a baranda sai in ja labule, abinci ma ya daina shiga. Wata rana na hango ka zaune a tsakiyar matakala, hannunka dafe da ƙirji, koren littafin a kan gwiwarka. Ka ɗago ka ce, "Sannu da aiki, 'yata." Na amsa a ciki-ciki na wuce, ban tambaye ka jiki ba. Ganina da kai na ƙarshe ke nan.

Kwana biyu na yi a gidanka cikin masu karɓar gaisuwa, ina kuka na gaske, ina kuma satar kallon kowace jaka da ke rataye a ɗakin. Da hantsin Laraba 'yarka ta ja ni gefe ta miƙo mini ambulan a liƙe. Ta ce, "Tun ranar Asabar ya ce in wani abu ya same shi, in ba ki hannu da hannu. Ba wanda ya buɗe."

A cikin mota na yage shi. Kwalabe ashirin da uku daga cikin tamanin suna ɗauke da lambar wani yaro daban. Ka mayar da kowace wurinta, ka sake lissafin, bambancin da muka yi ta shela a kansa ya ɓace gaba ɗaya. A ƙasan shafin ƙarshe ka rubuta layi biyu: "'Yata, babu kwafi a ko'ina. Da fensir na rubuta, kin san yana goguwa, sauran ya rage naki."

Kwamitin farfesa zai zauna washegari, Alhamis. Na koma ofis na kulle kaina. Akwai magogin fensir a aljihun teburina, na fito da shi na ajiye kusa da littafin, kuma ba zan yi ƙarya in ce ban daɗe ina kallonsa ba. Mutum ɗaya ne a duniya ya san abin da na yi, kuma mun riga mun rufe shi da ƙasa. Abin da ya hana ni sukuni shi ne asibitin nan. Na yi ta ganin wata uwa a kan benci riƙe da yaro mai zafin jiki, an ce mata ta jira, nata ba na gaggawa ba ne, saboda lambar da na rubuta da ka.

Kafin la'asar na aika wasiƙa uku: ɗaya ga editan mujallar cewa a janye aikin, ɗaya ga asibitin cewa su dakata, ɗaya ga kwamitin cewa a cire sunana. Na bayyana cewa kuskuren nawa ne ni kaɗai, ɓoyewar ma tawa ce, kuma kai ka gano. An kafa masu bincike a kaina, zan bayyana gabansu sati mai zuwa, ban san ko zan ci gaba da riƙe mabuɗin ɗakin gwajin ba. Ina jin tsoro, Baba. Abokan aiki da yawa za su fara jin cikakken labarin ne a wannan rubutu.

Jiya ranar canza wa yaranka ruwa ce. Na shiga na canza musu da kaina, na cire shafin mujallar daga ƙofar firiza, na rubuta kwanan wata a jikin kwalaben da guntun fensirin da ka bari a kan benci.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Gwaggo, da 'ya'yanka biyar, da jikokinka, da 'yan'uwanka, da duk ɗalibin da ya taɓa koyon wanke hannu a gabanka. Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi, Ya tsaya muku a inda ya kasance yana tsaya muku. Ke kuma ƙanwata da kika kawo saƙo, ki sani ya iso, kuma littafin mahaifinki yana nan yadda ya bar shi, ban goge ko harafi ɗaya ba.

Ya Allah Ka jiƙan bawanKa, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa da haske, Ka saka masa da Aljanna saboda yaran da ya kare bai taɓa ganin fuskarsu ba. Ni kuma, Baba, gaisuwar da na hana ka a kan matakala ita nake nema ka yafe mini. Sannu da aiki. Allah Ya sa ka huta.