Kazata da Ramin Majema

Maigidana mai haƙar rijiya ne, kuma duk Tanut an san shi da taurin kai. Idan damina ta ƙarato, shi ake kira ya yashe ramin da ruwan majema ke taruwa a ciki, can bayan mahauta. 'Yan shekaru bayan tafiyar Nasara aka kafa rumfar fatu a wurin, inda ake tsoma fata cikin wani farin magani don kada ƙwari su ci. Ruwan maganin ma ramin yake gangarawa, ga shi an rufe bakinsa da itatuwa shekara guda cur.

Masu rijiya suna da al'ada: kafin mutum ya shiga tsohon rami, sai a zura kaza cikin kwando. In ta fito da kuzarinta, a shiga. Ran nan da safe Malam ya sa wa wake-wakena ido, kazar da ban haɗa ta da komai ba.

"Ke, ara mini kazar nan, yanzu zan maido miki."

"Haba Malam! Mai yi mini ƙwai kullum za ka jefa cikin wannan ɗoyi?"

"To riƙe abarki. Ramin ai gaba biyu ne kacal, na shiga hakanan."

Ya saɓi igiyarsa ya fice. Na koma kan turmi ina cika ina batsewa, amma dakan ya ƙi daɗi. Sai na tuna bara, tun ramin yana buɗe ma, yadda ya dawo idanu jajur, ya kwana uku yana tari. Tsoro ya kama ni sosai. Na yar da taɓarya, na cafki kazar, na zuba da gudu, tana kyarkyara ina yi mata faɗa.

Na tarar har ya ɗaura igiya a ƙugu. Majema suka fashe da dariya, wai uwargida ta kawo abin miya. Na miƙa masa kazar.

Aka sa ta a kwando aka zura, aka ɗan jima, aka jawo. Wuyanta ya langaɓe, idanu a rufe. Dariya ta ɗauke ɗif. Malam ya dubi kazar, ya dubi ramin, ya kwance igiyar a hankali ya zauna a ƙasa.

Ni kuwa na yi ta yayyafa mata ruwa ina fifita da bakin zane, har ta yi atishawa ta miƙe tana tangaɗi. Ramin dai ba wanda ya shiga. Yaye itatuwan aka yi ya sha iska, aka kwashe shi da guga daga sama.

Wake-wake ba ta ƙara yin ƙwai ba, ko ɗaya, kuma na yi wa Malam gorin haka shekara da shekaru. Amma har tsufa ya ɗauke ta, wuƙa ba ta kusance ta ba. Kullum da safe, kafin ya karya, shi yake watsa mata gero da hannunsa.