Kaset Ɗin da Ja'afaru Direba Ya Ƙi Fassarawa

Ranar Laraba, 12 ga Fabrairu, 2025, da hantsi, Suhaib ya bugo mini waya ya ce mahaifinsa, Malam Ja'afaru Direba, ya cika a gidansa da ke Hammadu Kafi a Gombe bayan jinyar wata huɗu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. An kai shi makwancinsa bayan azahar. Direbobin tashar Bolari sun cika sahu, a gefe kuma Ifediora mai sayar da kayan gyaran mota yana tsaye da hula a hannu.

Malam Ja'afaru, na san ka a 2006, lokacin da jaridarmu ta tura ni kudancin jihar nan in rubuto tarihin tsofaffin garuruwan kan duwatsu. Mota na je nema, ashe malami aka haɗa ni da shi. Iyayenka mutanen ƙasar Katsina ne, amma shekara talatin a kan hanya ta koya maka Fulatanci da Tangalanci da Wajanci. Ba ka wuce kufai sai ka rage gudu ka gaya mini waɗanda suka zauna a wurin da abin da ya tashe su. Kai ka hana ni yi wa dattijo tambaya kafin in sha ruwan gidansa. Ko da ni na yi shatar motar, in ka ga tsohuwa da kaya a bakin hanya sai ka tsaya, ka ce mini ga wani littafin tarihi nan, mu ɗauka.

A wani ƙauye da ke gindin dutse, wanda ba zan ambaci sunansa ba, muka zauna da wani dattijo, Baba Titus, amininka. Yana ba da labarin saukowar kakanninsu daga kan dutsen, kana fassarawa, rikoda tana ɗauka a aljihun rigata. Can sai ya shanye kununsa, ya kife ƙwaryar a gabansa, ya ci gaba da magana ƙasa-ƙasa. Kai kuma ka daina fassarawa. Na zaci gajiya ce, na bar kaset yana juyawa don ka fassara mini daga baya.

A hanyar dawowa ka yi mini bayani. A gidan, in babba ya kife ƙwarya, abin da zai faɗa na mazauna wurin ne, ba ya ƙetare ƙofa. Maganar ta shafi wata tsohuwar ɓaraka tsakanin gidaje biyu da yanzu suke auratayya. Da na ce ai na ɗauke ta, sai ka tsayar da mota a gefen titi.

"Ɗan jarida, da fuskata ka shiga gidan nan. Ka mayar musu da maganarsu."

Ban mayar ba. Na ce tarihi ba mallakin gida ɗaya ba ne, kuma in dattijon ya mutu zai tafi da shi. Ka ce kai ba ka yi boko ba, amma ka san direba ba ya kwance kayan fasinja. Masu jin harshen suna da yawa a Gombe, da na so da yini ɗaya ya isa a fassara mini. Kunyarka ta hana ni. Son aikina kuma ya hana ni rabuwa da kaset ɗin. A haka muka yi shekara goma sha tara muna tafiye-tafiye tare, ba ka taɓa ɗaga mini murya ba. Amma ba ka sake taka ƙauyen ba. Ko rasuwar Baba Titus ba ka je gaisuwa ba, ka ce ba ka da idon kallonsu.

Da na zo duba ka a watan Janairu ka tambaye ni ko kaset ɗin yana nan. Na ce bayan azumi zan kai. Ka ce Allah ya kai mu.

Washegarin sadakar uku na tafi ƙauyen. Na sami 'yar Baba Titus, Millicent, tsohuwar malamar firamare, na gaya mata komai, na tabbatar mata ba wanda ya saurara. Ta karɓi kaset ɗin ta ɗaure a gefen zane, ba ta tambayi abin da ke ciki ba. Sannan ta ce:

"Ashe shi ya sa Ja'afaru ya daina zuwa. Baba ya yi ta cigiyarsa har ya rasu. Ya ɗauka mu muka yi masa laifi."

Kuskuren nawa ne, Malam Ja'afaru, amma kai ka rasa amini. Na rubuta shi a nan don a sani.

Ina miƙa ta'aziyya ga maiɗakinka Hajiya A'i, da 'ya'yanka Suhaib, Ikhlas da Nana Hauwa, da abokan aikinka na Bolari. Allah ya ba su haƙuri. Ya Allah, bawanka ya rufa asirin mutanen da ba danginsa ba, ka rufa nasa ranar tonon asiri. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka sa Aljanna ce masaukinsa. Ni kuma ka yafe mini jinkirin da na yi. Amin.