Jinjirin Watan da Kyamarata Ta Ƙirƙiro

A lokacin ina koyar da kimiyya a wata sakandare a Doguwa, ina ji da kaina saboda wani kwas da na yi a Kano kan ɗaukar hoton sararin sama. Ina da ƙaramin madubin hangen nesa da kyamara da kwamfuta. Malamin da ya koya mana ya sha nanata cewa kyamara idan ta yi zafi takan zuba dishi-dishi da tabo a hoto, don haka dole a rufe bakinta a ɗauki hoton duhu zalla, a cire wannan dattin daga hoton gaske kafin a ce an ga wani abu.

Ranar ashirin da tara ga azumi na hau dutsen bayan ƙauyenmu, kusa da Riruwai, da faɗuwar rana. Akwai hazo, idona bai ga komai ba. Na ɗauki hotuna, na tsallake hoton duhun saboda sauri, na yi ta ƙara haske a kwamfuta har wata siririyar lanƙwasa mai kama da jinjirin wata ta fito. Na sauko a guje wurin kawuna, limamin ƙauyen, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina. Ya daɗe yana duban hoton, sannan ya tambaye ni ko na gani da idona. Na ce masa na gani. Ya sake tambaya, na rantse.

Da safe ƙauyenmu ya yi idi, garuruwan da ke kewaye suna azumi. Bayan an sauko na ɗauki hoton duhun, na gyara hotunan yadda aka koya mini, don in nuna wa abokai. Ina cire dattin, lanƙwasar ta ɓace. Zafin kyamara ne kawai a gefen hoton. Na rufe kwamfutar, na fita na ci tuwon salla da mutane.

Malamai daga Tudun Wada suka zo bincike. Kawu bai ambaci sunana ba, ya ce shi ya yanke hukunci, shi za a tuhuma. Aka umarci kowa ya rama kwana ɗaya, aka sauke shi daga limanci bayan shekarun da ya yi yana jan salla. Ya koma sahun baya, daga nan ya daina fita. Kullum ina cewa gobe zan gaya masa, har ya rasu da damina ban buɗe baki ba.

Kuskuren na'ura yana da gyara, minti kaɗan ne aikin. Rantsuwar da na ɗora a kai ce ba ta gyaru ba. Duk mai aiki da irin waɗannan hotuna, ya tace su kafin ya nuna wa wanda ya yarda da shi, kuma abin da idonsa bai gani ba kada ya ce ya gani. Ina roƙon masu karatu su sa kawuna a addu'a.